Ranar da Na Ciji Alwanka

Wallahi ban san na cije ta ba.

Abin da na sani, ina tsugunne a banɗakin gidanmu na unguwar Maamobi, gwaggonnina sun danne min kafaɗu, sai Hajiya Wadia alwanka, mai wankan amare, ta sheƙo min ruwa ta baya ba ko gyaran murya. Nan take hankalina ya koma unguwar Alajo, shekarar ambaliya, maza sun rirriƙe ni ina kallon ruwa yana tafiya da ƙanwata Sala...

Na ture kowa, na faɗa ɗaki da ɗaurin ƙirji. Na kasa zama, na kasa tsayuwa.

Kafin la'asar magana ta zaga har unguwar Nima. Mma, mahaifiyar angona Awal, ta aiko cewa ɗanta ba zai auri mai iskoki ba, a fasa ɗaurin auren gobe. Zuera 'yar ƙanwarta, da ta daɗe tana lallaɓa shi da kwanon waakye, shinkafa da wake, har ta fara ba da labarin yadda idona ya juye. Ita da ko wurin ba ta je ba!

Tsoro ya kama ni. Ina son Awal, kuma ga shi zan rasa shi saboda bokitin ruwa.

Sai na ji sallamarsa a bakin taga. Shi ke raka ni asibiti wurin Sista Rafi'atu, mai kula da masu firgici irin nawa, wadda ba ta taɓa rufe min ƙofa ko ta taɓa ni ba tare da ta tambaya ba. Ashe yana lura.

"Zelia, masoyiyata... in tsaya ko in tafi?"

"Tsaya."

Bai tambaye ni me ke damuna ba. Cewa ya yi me zai sa in ji sauƙi. Na ce kar a riƙe ni, kar ruwa ya zo min ta baya.

"Kin yarda in gaya wa Mma abin da ya faru a Alajo? In kin ce a'a, ba wanda zai ji daga bakina."

Na daɗe ina zagaye ɗakin kafin na ce na yarda.

Washegari da hantsi Mma ta zo da kanta, fuska ba walwala. Hajiya Wadia, hannun da na ciza a ɗaure, tana ta mitar cewa tun da take ba ta taɓa ganin amarya ta wanke kanta ba. Mma ba ta kula ta ba. Ta sa aka bar ƙofar banɗakin a buɗe, ta kori gwaggonnina, ta tsugunna a gabana inda nake ganin hannuwanta, ta miƙo min ƙwaryar wankan.

"Zuba da kanki, 'yata. Bari limamin ɗaurin auren ya jira."

Na karɓa, rabin ruwan ya zube a ƙasa. Ta sake ɗebo min wani.