Monitan da Taru Ya Kamo

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki ne ana kiran sallar magariba. Rabi na tsakar gida tana kwashe tuwon shinkafa, ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta, ta ci gaba da aikinta. Na biyu kuwa gabanta ya sauka, daf da tukunya. Da ta ɗauka sai ta ji shi jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, yana ƙarnin kifi, alhali Yelwa ta yi wata biyu ba ta ga ɗigon ruwan sama ba.

Mijinta Jabir bai ji ko ɗaya ba. Yana ɗaki gaban kwamfuta, yana tsere da motocin ƙarya, baki buɗe kamar wanda bai taɓa ganin mota ba.

Jabir mai buga takardu ne a ofis, kuma duniyarsa duka wasan kwamfuta ce. Wani abokinsa ya kawo masa katin girafik daga Legas, wato katin da ke fitar da hoton wasa. Sai dai tsohon monitansa, wato allon kwamfutar, mai inci goma sha huɗu ya kasa ɗaukar ƙarfin katin: hoto ya yi ta rawa yana yayyagewa har ido ya yi ruwa. Ya rubuta lambobin katin a takarda, ya je Kwantagora, ya je Sakkwato. Ko'ina amsa ɗaya ce, sai mai inci goma sha bakwai, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba. Abin ya tsaya masa a rai har abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar kasuwar Wara ya ga monitan, irin wanda yake nema sak, a gaban wani masunci mai suna Basiru. Tarunsa ne ya kamo shi cikin tafki, a inda wani jirgin kaya ya taɓa kifewa.

"Ɗauka da araha," in ji Basiru, "amma mu a gidanmu, abin da ruwa ya ci ba a shiga da shi ɗaki sai ya kwana bakwai bakin gaɓa. Ko da mai shi na ciki, sai ya samu ya fita. Wanga kwanansa biyu."

Jabir ya yi dariya, ya ɗaure shi bayan babur. Ya binne shi kwana uku cikin ƙaiƙayin shinkafa ya bushe, ya jona waya. Wallahi sai ga hoto tas, ba rawa ba yagewa, kamar dama don katin aka ƙera shi.

To a wannan magaribar ta jifa, da ya kashe ya fita alwala, ɗiyarsu Mufida mai shekara tara ta leƙa baƙin gilashin tana duba kitsonta. Ba ta ƙara motsi ba. Uwarta ta same ta tsaye, ruwa na ɗiga daga bakin zanenta, ƙasa duk ta jiƙe.

Kwana uku ana abu ɗaya. Da rana yarinya ta kwanta shiru kamar gawa, da rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka, sai a ji muryoyi cikin randa kamar ana hira a ƙasan rijiya. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Tsoro ya kama Jabir ƙwarai, don yana son ɗiyarsa. Amma ko sau ɗaya bai ambaci maganar Basiru ba.

Rabi ce ta ɗauko Malam Yusha'u daga Ngaski, dattijo marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar, ya turara hayaƙi, ya kama ɗan yatsanta ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsi. Can sai bakin Mufida ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Bari ƙona ni, Malam. Ba ni na taho ba, ɗauko ni anka yi."

"Wace ce ke?"

"Tun da ruwa ya ci garinmu ba ni da ɗaki, sai da na samu wancan mai tagar gilashi. Wanga mutum an hwaɗa mishi ya jira, ya ƙi. Ya kunna min wuta a ciki, ina zan shiga in ba jikin ɗiyarsa ba?"

Rabi ta juyo ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai.

"Mi kike so ki fita?" in ji Malam.

"A mai da min ɗakina cikin ruwa kafin rana ta faɗi gobe. Shi ka kai shi da hannunsa."

"Jabir, ka ji. Ka yi alkawari?"

"Na yi, Malam."

Yarinyar ta yi atishawa uku, ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa." Rabi ta rungume ta tana kuka.

Da a nan abin ya ƙare, da ba wanda zai ba da labarinsa. Amma da gari ya waye Jabir ya tsaya gaban monitan nan, zuciyarsa ta fara yi masa huɗuba. Ina zai ƙara samun irinsa? Kuma tsohuwar aljana ta ƙasan tafki, ina ta san bambancin inci goma sha huɗu da goma sha bakwai? Kai, wauta ba ta da magani! Ya cusa tsohon monitansa cikin buhu, ya ɗinke baki, ya ɓoye na ruwan a ɗakin ajiya na ofis.

"Baban Mufida, shi ne a ciki?" Rabi ta tambaya a ƙofar gida.

"Wane ne in ba shi ba?"

Ya hau kwalekwale har tsakiyar tafki, ya tura buhun, ya dawo yana jin kansa gwani.

Magariba ta yi, ba jifa. Randa ta yi shiru. Mufida na zaune kan tabarma tana cin ƙosai, sai aka ji muryar tsohuwar ta fito daga bakinta, wannan karon ba fushi, a hankali kamar mai sallama.

"Na ga abin da ka aiko. Ka riƙe tagata, ni ma na tafi da tagogin gidanka. Ba ni dawowa."

Jabir ya fita a guje ba takalmi. Ya ɗauko na gaskiyar, ya jefa shi tafki yana ihu yana roƙo, ruwa ya haɗiye shi. Malam Yusha'u ya dawo ya yi karatu har muryarsa ta dishe, sannan ya naɗe buzunsa.

"Babu kowa a jikinta," ya ce. "Wanda ya tafi ba a korar sa."

Idanun Mufida na nan buɗe, farare tas, masu kyau, ba su ganin komai. Rabi ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage shi ba. Hannun yarinyar kawai ta kama ta aza bisa fuskar ubanta.

Mufida ta shafa, ta ji hawaye.

"Baba, kada ka yi kuka," ta ce. "Ai kai ka kai mata ɗakinta. Ita ce ba ta da alkawari."