Gyaran Haɓar Ummulkulsum

"Ba ni gorona!"

Marka ta fizge jan goron daga tafin Ummulkulsum, ta ɗaure shi a bakin zane.

"Tun daga Kebbe nit taho Tambuwal ganin wadda jikana Attahiru ka so, in ba ki goro ki riƙe shi kamat kashin akuya? Hannun manoma kika ƙyama, ɗiyam malammai?"

"Kaka, wallahi ba haka na ba..."

Maganar ta fito a cakuɗe. Ta yi maza ta kare baki da mayafi, don ta san yawu ya zubo ko ba ta ji shi ba. Tsohuwa ta shuri takalmanta ta fice.

Gaskiyar magana, Ummulkulsum ba ta iya cizon goro. Ko tsokar kaza ba ta iya taunawa.

Da doguwar haɓa aka haife ta, kuma a haka Attahiru ya gan ta ya ce ita yake so. Sai da ya tafi Zariya karatun noma ne Sauda, 'yar baffansa da ta daɗe da ɗora ido a kansa, ta ce mata a gidan biki, cikin mata, wai da haɓarta za a yi huɗar dawa. Aka kwashe da dariya. Lokacin kuɗin man fetur ne, kawun Ummulkulsum Alhaji Na'Allah ɗan kwangila ba ya jin nauyin kuɗin jirgi. Ta yi ta kuka har ya kai ta ƙasar waje aka rage ƙashin.

Fuska kam ta yi kyau, ba ƙarya. Amma muƙamuƙi ya karkace, haƙoran sama da na ƙasa suka daina haɗuwa, leɓen ƙasa ya mutu. Kunya ta sa ta ɓoye wa kowa banda 'yan gida da Attahiru, ta koma rayuwar kunu da fura.

Da la'asar Attahiru ya zo zaure, fuska ba walwala.

"Ummuna, Kaka ta ce a fasa auren."

Ya zauna, ya ci gaba.

"Sauda ta ce mata iska ta shanye maki baki, don kin taɓa halittar Allah. Ki bari in gaya masu gaskiya, masoyiyata."

"A'a, Yaya! Su san ni nik kai kaina? Don dariyam mata?"

"To mi kika so in yi? Ni haɓakki ta fari nig gani nis so. Ba ki tambaye ni ba!"

Ta yi kuka, don ta san gaskiya ya faɗa, kuma tana sonsa son da ya hana ta sakat.

Washegari ta sa ƙanwar babanta ta raka ta Kebbe a motar kasuwa. Ta durƙusa gaban Marka, ta yaye mayafi, ta buɗe baki ta yi ƙoƙarin haɗa haƙora. Suka ƙi. Ta faɗi komai, har da maganar Sauda.

Marka ta kama haɓar ta juya dama, ta juya hagu, kamar mai tayin akuya.

"Ashe ba raini na ba, wauta ta! Ni da ba ni da haƙori ko guda na fi ki morar baki. Ana gyarawa?"

"Likita a Kaduna ya ce sai an sake karya ƙashin a daidaita shi, a ɗaure baki da waya. Amma haɓa za ta ɗan fito kamad da..."

"Ta fito mana! Haka Allah Ya yi ki."

Saura mahaifinta, Malam Maccido, wanda ya rantse ba mai sake sa wa 'yarsa wuƙa. Attahiru ya zauna gabansa kai a ƙasa.

"Allah gafarta Malam, na fari ado na. Wanga magani na. Ɗiyarka ba ta cin abinci."

Malam ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce Allah Ya sa a dace.

An yi aikin. Likita bai ɓoye ba, ya ce leɓen ba lallai ya farfaɗo duka ba. Ranar auren da aka sa bayan girbi ta zo wayar na bakinta, Marka kuwa ta ce ko kwana ɗaya ba za a ɗaga ba, wa ya ce amarya na surutu?

Da aka kai ta ɗaki, abokan ango suka shigo sayen baki, Dawuda babban aboki a gaba da turare da alewa. Al'ada ce amarya ta yi gum har sai an saya, sannan ta gaida ango.

Sauda na tsaye bakin ƙofa, ta taɓe baki.

"Ku bar ɓarnar kayanku, wagga ko an saya ba ta da abin sayarwa."



Attahiru ya matsa kusa da amaryarsa.

"Kada ki wahal da kanki, Ummuna. Ni ina iya jira."

Ta ɗaga mayafi kaɗan. Haɓar ta fito, kumburi bai gama saɓewa ba. Ta cikin haƙoran da ke ɗaure, a haɗe cif, ta ce a hankali:

"Sannu da zuwa... angona."

Kowa ya ji, kalma bayan kalma, tas.

Dawuda ya yi kabbara, ƙawaye suka rangaɗa guɗa. Attahiru, ƙato da shi, ya sa hannun riga yana share ido ba kunya.

Daga tsakar gida Marka ta ɗaga murya.

"Ta yi magana? To ku fito ku ba su wuri! Ke Sauda, ɗauko mata kununta, ki tace shi da kyau."