Gayyar Gonar Malam Wada

Ramla na tankaɗe a tsakar gidansu da ke Yako sai ga mahaifinta, Malam Wada, ya shigo fuska a murtuke, yana ƙwala wa mahaifiyarta kira.

"Kaltume! Fito da kayan sa ranar nan, yau za a mayar wa mutanen Kiru abinsu. Ba zan ba Mujitaba 'yata ba, ɗan ƙwaya ne!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Ramla. Ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, don Allah a yi haƙuri. Mujitaba da ƙafarsa ya je asibitin Kano. Dakta ya ce babu gado, layi ne, za su kira shi a waya."

"Tun damina ake cewa za a kira! Ga shi har an kai dawa rumbu. Jiya a bakin tasha aka tsince shi yana sambatu, 'yan acaɓa na dariya. Kawunsa ma gidan mari zai kai shi, a ɗaure."

Ramla yarinya ce mai kunya, ko ido ba ta haɗawa da mahaifinta. Amma ranar tura ta kai bango.

"Baba, a gonarka ya fara sha."

"Me kika ce?"

"Ranar da ya kawo maka gayya. Ka ce sai mai ƙarfin noma za ka ba ni, shi kuwa tela ne, bai saba da fartanya ba. Abokansa suka jefa masa ƙwaya a shayi don kada ya ji kunya. Ya wuce kowa a kunyoyin gonar, kai kuma ka ɗaga hannunsa kana cewa ga namiji."

Malam Wada ya zauna a kan turmi, abin tausayi.

Washegari da kansa ya je Kiru ya hana kai yaron gidan mari. Ya taho da shi Yako, ya sauke shi a zaurensa. In ciwon rashin ƙwayar ya taso, Mujitaba na karkarwa yana ihu, dattijon ne ke riƙe shi yana masa addu'a. Ramla kuwa sai dai ta jiyo daga ɗaki ta toshe baki da mayafi. Sau biyu yana gudu, sau biyu ana dawo da shi. Ƙawayenta duk suka yi aure suka bar ta.

Sai da aka fara shuka wayar asibitin ta zo. Mujitaba ya rame, sai idanu. Zai shiga bas ya juyo.

"Ramla, in kin gaji, wallahi na yafe miki."

"Je ka warke. Ina nan."

Bayan ya fito aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro. Haƙuri ya yi ranarsa, amma mutum nawa ne suka lalace a layin jiran asibitin nan don babu mai riƙe su? Iyaye, kada ku ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa, in kuma ya faɗi, kada ku zama farkon masu juya masa baya.