Daga Baki Nawa Ka Ji?

A jikin bangon wata lise, wato makarantar sakandare, a Diffa Hasna ta fara ganin Mus'ab, yana liƙa jaridar ɗalibai. Shafin farko hoton Mushe Ishaku ne (Mushe ake kiran malamin boko a nan), malamin da ya kafa jaridar, wanda aka harbe a hanyar Bosso.

"Malam, ka karkatar da hoton," in ji ta. Da ya juyo ta ga hawaye, sai kunyar bakinta ta kama ta.

Ita tsohuwar ɗalibar Mushe ce. Shi kuwa ɗan gudun hijira ne daga Damasak, Mushe ya ba shi ɗaki, ya koya masa aiki. Kewar mutum ɗaya ta haɗa su, so ya shiga bai yi sallama ba.

"Editata, yau duk rubutuna kuskure ne, ke kika jawo," ya turo mata a waya wata rana.

"Gyara tukuna, sarkin kuskure. Ni ma abinci ya ƙi shiga."

Amma Ɗan Azumi, wanda ya daɗe yana nemanta, ya raɗa wa mahaifinta Alhaji Mahaman cewa yaron nan ya cika tambaye-tambaye a gari, 'yan daji masu tayar da ƙayar baya yake kai wa labari. A lokacin, irin wannan magana kashe mutum take yi.

"Ba zan ba da 'yata ga wanda ba shi da kowa ba," Alhaji ya ce.

Tsoro ya shigi Hasna har ta daina amsa waya. Saƙo ya shigo: "Editata, har da ke?" Ta yi kuka sosai, sannan ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, Mushe ya hana mu buga labarin da muka ji daga baki ɗaya. Kai daga baki nawa ka ji?"

Washegari Alhaji ya sa hula ya tafi wurin Inna Kaltum, matar marigayin.

"Tambayar da Mus'ab yake yi, tarihin maigidana yake tattarawa," ta ce. "Shi ya ɗauko mana gawar, Alhaji, ranar da kowa ya ji tsoron fita."

Da aka sa rana, Hasna ta roƙi abu ɗaya: gonar tattasan da ta gada daga mahaifiyarta a Shetimari ta zama wakafi da sunan Mushe, amfaninta ya riƙe jaridar ɗalibai.

"Gonar da rikici ya hana nomawa?"

"Wata rana za a noma ta, Baba."

Ranar ɗaurin aure liman ya tambayi wakilin ango. Mus'ab ya sunkuyar da kai, don nasa duk sun watse. Sai Alhaji ya taɓa kafaɗar ƙaninsa Ilyasu.

"Tashi ka karɓa masa. Daga yau yana da dangi a Diffa. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya jiƙan Mushe."