Goro Fari, Goro Ja

A shekarar da 'yancin kai ya rage saura ɗaya, akwai wani ɗan ƙaramin gida a Birnin Damagaram, jingine da wani ƙaton dutse. A wancan zamanin gari bai cika ba. In raƙuman gishiri suka sauka a Zango, kana tsakar gidanka za ka ji gurnaninsu. A nan Kellu take zaune da mijinta Idirisu, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Watansu bakwai da aure, kuma har lokacin in ya kalle ta sai ta sunkuyar da kai.

Mushe Idirisu yana shirin wani konkur, jarrabawar da in mutum ya ci za a tura shi Dakar ƙaro ilimi. Cikin darussan akwai guda da ya hana shi sakat, lissafin yiwuwa. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi, ya buɗe littafi yana dafe goshi.

"Kellu, taimake ni da goro. Fari uku, ja bakwai."

Ta kawo, ya zuba a jakar fata.

"In kika sa hannu ba ki duba ba, mene ne rabon fari ya fito?"

"Allah ne masani, Mushe."

"Gaskiya ne. Amma farare nawa ne?"

"Uku."

"Cikin nawa?"

"Goma."

"To shi ke nan! Uku cikin goma. Kin ci konkur, madam, ni ne zan zauna in yi tuwo!"

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Ajinta biyu kawai a lakwal aka cire ta, amma abin ya zauna mata. Ta zaro fari, ta ɓare, suka raba suka ci. Ya ce, "Na biyu ma uku cikin goma ne," yana rubutawa a kaye, littafinsa na rubutu.

Ta ce a hankali, "Mushe... wanda muka cinye fa? Ai ba ya cikin jaka."

Ya tsaya da alƙalami a sama. "Biyu cikin tara! Kai! Kwana uku ina faɗawa ramin nan ban gani ba!"

Washegari ya ce yana son ya ga yadda abu ke faɗuwa in an jefa shi sau da yawa. Kellu ta kwance wuri guda daga jikin faifan kayan ɗakinta. Tana jefawa, shi kuma yana jan layi a allo, kife ko buɗe. Sau biyar a jere ya faɗi a kife.

"Yanzu dole ya buɗe," in ji ta.

"Babu dole. Wuri ba ya tuna yadda ya faɗi ɗazu. Abin da 'yan caca suka kasa ganewa ke nan, shi ya sa suke komawa gida ba riga."

Daidai nan Gwaggo Kaltuma, ƙanwar mahaifin Kellu, ta shigo da ƙwaryar fura. Kalma ɗaya ta shiga kunnenta, idonta kuma ya sauka a kan wurin da ke birgima a tabarma.

"La'ilaha illallahu! Caca! Da rana tsaka! Kellu, ke ce da wuri a hannu?"

"Gwaggo, karatu ne..."

"Karatun uban wa? Na tsufa ban san karatu ba?"

Ko furar ba ta ajiye ba ta juya. Kafin magariba an aiko a ce Kellu ta zo, mahaifinta na kira, ta taho da kayan sawarta.

Mahaifin nata, Ba Kyari, farke ne na goro, jikan mutanen Barno, mutum mai magana ɗaya. Ƙanensa ya taɓa lalacewa a caca har ya bar gari, saboda haka ko sunanta ba a faɗa a gidansa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai, "Na ba da ke ga malami, ban ba da ke ga ɗan caca ba. Shiga wajen uwarki."

Kwana uku bayan haka Idirisu ya zo biko. Ya tuɓe takalma tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure, ya miƙa littafin da hannu biyu don a ga shaida. Kellu na laɓe bayan zana. Ba Kyari ya buɗe littafin a juye, ya juya shi, sai ga hoton karta ɓaro-ɓaro a shafin.

"To! Har littafinta gare ku? Nasara ya rubuta muku ita?"

"Baba, misali ne kawai..."

"Tashi. Ran Alhamis ta sama mu haɗu gaban alƙali, ka sauwaƙe mata."

Kellu ta toshe baki don kada kukanta ya fito. Ta ga Mushe ya fita ya manta takalmansa, sai da ya dawo ya ɗauka.

Kwana tara ta yi a gida. Ba ta yi yaji da abinci ba, ba ta mayar wa Gwaggo magana ba ko da ta riƙa yi mata habaici da "matar mai wuri". Ta yi daka, ta yi shara, hawayenta na ɗiga cikin turmi. Tun da aka haife ta ba ta taɓa haɗa jimla uku a gaban mahaifinta ba. Ina za ta fara?

Ran Laraba da hantsi aka sauke sabon huhun goro daga Kano. Ba Kyari ya sa ta kawo ruwan yayyafi. Tana tsaye ta ga ya yi abin da take ganin yana yi tun tana ƙarama. Ya kau da kai, ya cusa hannu can cikin ganye, ya ɗebo goma, ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ya sake ɗebowa daga ƙasa, sannan daga gefe.

"Sankara ta taɓa shi, amma kaɗan," ya ce wa kansa. "Ɗaya cikin goma. Zai yi."

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba... ka yafe mini. Goron nan ai ba ka duba duka ba."

Ya ɗago da mamaki. "Wa ke duba huhu duka? Sai ya bushe a hannunka."

"To yaya ka san na ciki?"

"Sani sai Allah. Amma abin da hannu ya ɗebo yana ba da labarin saura."

"Me ya sa kake kau da kai?"

"Don kada ido ya zaɓo masu kyau ya ruɗe ni. Ke, yau tambayar me kike..."

"Baba, wallahi shi ne karatun Mushe. Shi ke nan, babu ƙari. Da goro muka fara, fari uku, ja bakwai. Wurin kuwa daga faifaina na kwance shi, ba a sa ko ƙwayar gero a kansa ba. Shi da bakinsa ya ce wuri ba ya tuna yadda ya faɗi, wai shi ya sa ɗan caca ke komawa gida ba riga. Ƙarshen maganar ne Gwaggo ba ta tsaya ta ji ba."

Tsohon ya tuna ƙanensa, wanda kullum ke cewa jifa na gaba nasa ne.

Can ya cire hularsa, ya jefa goro a ciki, fari huɗu, ja shida. Ya zaro fari guda ya sa a baki.

"Saura fa?"

"Uku cikin tara, Baba."

Ya tauna a hankali. "Shekara talatin ina wannan, ashe sai an je Dakar ake koyonsa!" Ya ɗaga murya. "Kaltuma! Zo ki raka yarinyar nan ɗakinta. Ke kika ɗauko ta da baki, ke za ki mayar da ita da ƙafa!"

Gwaggo ta raka ta tana gunaguni, ɗauke da goro ashirin na ban haƙuri. Da Mushe ya gan su a ƙofa, allon hannunsa ya faɗi ya tsage biyu, bai ko kalle shi ba.

Sakamakon konkur ya iso a daminar da aka samu 'yanci, gari na ta kiɗa. Mushe ya shigo da takardar yana haki.

"Na ci, Kellu! Kin san tambayar da ta kayar da mutane? Jaka ce da ƙwallaye, a zaro ɗaya kada a mayar. Ina zaune sai na ji muryarki, wanda muka cinye fa?"

Kellu ta sunkuyar da kai kamar kullum, amma wannan karon murmushi take.

Yau dutsen yana nan, bedin an sare shi. Jakar fatar kuwa tana ƙasan akwatinta, in ta buɗe har yanzu tana ƙanshin goro. Haƙurin kwana tara ya saya mata zaman shekaru. Kuma duk wanda zai yanke wa mutum hukunci, ya yi koyi da mai goro: kada ya tsaya a ɗiba ɗaya, ya sake cusa hannu har ƙasa.