Bututun Kicin ɗin Inna

Bayan rasuwar Inna gidan ya daɗe a rufe. Da aka sami mai haya, Yaya ta ce mu je mu share kafin ya tare. Yini muka yi muna aiki. Sai yamma lis muka iso kicin, muka tarar wurin wanke-wanken ya toshe. Ruwan da muka zuba ya tsaya cak, baƙi ƙirin, maiƙo na yawo a kansa.

"Auta, ke ce mai siririn hannu," in ji Yaya. "Zagaya baya ki buɗe bututun, ni in riƙa sakar miki ruwa."

"Kullum ni ce a kwata, ke a famfo," na ce. Ta yi dariya, ta miƙo mini waya da bokiti.

Bayan kicin ɗin lungu ne matsattse tsakanin bango da katanga. Bututun tsohon ƙarfe ne mai faɗi, tsatsa ta ci shi. Na tsuguna na kwance murfin da ke inda ya lanƙwashe. Wani ɗoyi ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Na zura waya ina zungura, dagwalo ya fara faɗowa guda-guda: daskararren mai, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen soso, har da ƙaramin cokalin da nake shan shayi da shi ina yarinya.

"Yaya, saki ruwa!"

Famfo ya yi ƙara, ruwa ya gangaro.

"Rufe!"

Aka rufe. Haka muka yi ta yi. Tagar tana sama da kaina, ba na ganin kowa. Na dai lura Yaya, sarkin surutu, ba ta ce uffan ba.

Haske ya fara janyewa daga lungun. Tsuntsayen da ke kan katanga suka yi tsit.

Sai ɗoyin ya ɗauke gaba ɗaya. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, na man da Inna ke shafawa a hannu in ta gama wanke-wanke.

"Auta."

Ba daga taga ba. Daga cikin bututun. A hankali, da ɗan tarin nan nata a ƙarshe.

Na kasa kunne.

"Auta, zobena ne ya maƙale. Ɗan zuro hannunki."

Na san Inna ta rasu. A gabana aka fita da ita. Amma kunnena ya daɗe yana kewar muryar nan, kuma tun da nake ban taɓa ƙin aikenta ba.

Na zura hannu.

Sanyi. Santsi. Har wuyan hannu. Har gwiwar hannu.

"Ƙara kaɗan, 'yar albarka."

Wani abu ya shafi tafina. Yatsu ne. Suka sarƙe da nawa ɗaya bayan ɗaya. Nawa suka ƙare, nasu ba su ƙare ba.

Aka ja.

Kafaɗata ta daki bango. Na buɗe baki, ihu ya ƙi fita. Can cikin ƙarfen ana dariya ƙasa-ƙasa, kuma muryar ta daina kama da ta Inna.

"Auta! Me kike yi haka?"

Yaya ce a bakin lungu, riƙe da leda. Ta yar, ta cafko ƙuguna tana salati da ƙarfi. Ta ja, aka ja. Ta sake ja, muka zube tare a kan bokitin.

"Zoben Inna," nake ta faɗa. "Ta ce zobenta..."

Yaya ta ɗaga hannunta. Zoben na yatsanta, inda yake tun ranar rasuwar.

"To wa ke sakar mini ruwa?"

Ta dube ni. "Kina zagayawa na ga ƙwan kicin ya mutu, na tafi shago sayen wani. Yanzu na shigo."

A saman kanmu famfo ya buɗe da kansa.

Ko takalma ba mu tsaya ɗauka ba.

Washegari da hantsi muka zo da mai gyaran famfo. Ya yanke bututun, ya nuna mana cikinsa. Daga tsakiya dagwalon ya daskare kamar dutse.

"Wannan ai ko ɗigo ba ya wucewa," ya ce. "Ya yi shekaru a haka."

Ya sa sabo na roba. Mun gaya wa mai hayar komai, ya ce shi ba ya jin tsoro. Bai cika wata ba ya kawo makulli.

Hannuna na dama har yau ba ya ɗumi, ko na kanga shi a wuta. Kuma duk wanda ya kira ni daga wani ɗaki, ko 'yata ce, ba na amsawa sai na je na ga fuskarsa.