Matakalar Dogon Magini

A can wani zamani, wani sarki ya gina fadarsa a kan ƙaton dutse don tsoron mahara. Ya sa wani dogon magini ya sassaƙa matakala tun daga gindin dutsen har ƙofar fada. Magini ya auna kowace matakala da takunsa, yadda ya gada. Sarki ya hau, ya yaba, ya ba shi riga.

Kashegari magini ya tarar da tsohuwar da ke kai wa gidan sarki ruwa zaune a matakala ta uku, tulunta a fashe.

Ta ce, "Ɗan nan, da ƙafar wa ka auna abin nan? Ta raƙumi?"

Ya ce, "Da tawa, Iya."

Ta ce, "To, sannunka. Shekara talatin ina ci da tulun nan, yau ka sallame ni."

Magini ya dubi riga, ya dubi tulu. Ya hau fada, ya tuɓe rigar, ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki bai ƙare ba. Da ƙafata kaɗai na auna."

Sarki ya karɓe rigarsa, fadawa suka yi ta dariya. Magini ya auna takun tsohuwa, ya shiga sassaƙa ƙananan matakalai a gefen manyan. Damina biyu yana yi, kullum da safe shi ke kai ruwan fada a madadinta.

Yau fadar ta rushe. Manyan matakalan suna nan da kaifinsu, ƙananan kuwa sun yi sumul don yawan taku.